Ka Sauya Tushe Ba Ka Faɗa wa Ƙanwarka Ba

Ɗana, kafin ka wuce wannan layin, nemi wuri ka zauna. Kada ka karanta wannan wasiƙa a tsaye, kada ka karanta ta ido ɗaya a takarda ɗaya a kwamfuta, kuma kada ka kuskura ka amsa mini da hoton babban yatsa kamar yadda ka saba yi a waya. Abin da ya sa na ajiye waya na ɗauki biro ke nan, don takarda ba ta da wurin da za ka danna ka wuce. In ma ka ninke ta ka sa a aljihu da niyyar sai an jima, zan ji, domin na ce wa abokinka Dogo da ya kawo maka ita ya tsaya a kanka har ka kai ƙarshe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, ya tsare ku a fita da shiga, ya sa albarka a abin da kuke nema. Mu ma nan muna lafiya, sai godiya. Gwiwar Babanku ta yi sauƙi har ya koma tafiyarsa ta safe, ko da yake likita ya ce kada ya hau tsani, shi kuma ka san shi da tsani. An yi wa Gwaggonku aikin ido, ta warke, yanzu tana ganin ƙurar da ke saman firji daga bakin ƙofa, kowa a gidanta ya shiga taitayinsa. Rufin ɗakin baya da ke yoyo an gyara. Maƙwabcinmu na dama ya fara ɗora bene, tun safe har yamma sai ƙarar guduma, ni kuma dama kaina ba a kwance yake ba. Hoton yaran da kuka turo ya iso. Angona ya yi tsawo, amma ku aske masa wannan sumar.

To, ba don wannan na zauna rubutu ba. Na ma ce na zauna, alhali tun da na fara na tashi ya fi a ƙirga. In leƙa tukunya, in leƙa ƙofar gida ba tare da ina jiran kowa ba, in dawo in tarar na manta inda na ajiye biro. Haka nake tun makon jiya, kuma kai ne sanadi. Maganar ƙanwarka Auta ce, da aikin da ka sama mata a kamfaninku.

Ban manta alherin da ka yi ba, kada ka ce uwarka ba ta gani. Kai ka yi mata magana aka ɗauke ta gwaji, tana aiki daga gida kamar yadda kake yi daga can. Ta kafa kwamfutarta a kan teburin cin abinci, kusa da taga, inda intanet ya fi kamawa, muka koma cin abinci a gefe ɗaya kamar baƙi, ba wanda ya yi ƙorafi. Watannin nan na ga yarinyar da sai an ja bargo take tashi ta koma riga kowa shiri. Tana yi tana magana ita kaɗai, wani lokaci ta tafa hannu ta ce ya yi kore. Na tambaye ta mene ne ya yi kore, ta ce na'ura ce ke duba aikin, in ya yi daidai ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja. Ta kuma gaya mini manhajar da kuke yi ta asibitoci ce, kai kana gina ɓangaren da ke aika saƙo zuwa wayoyin mutane, ita kuma tana gina wanda zai riƙa tuna wa masu juna biyu ranar awo. Na ji daɗi har na ba Gwaggonku labari.

Sai ga shi makon jiya tafin hannu ya tsaya. Ta daina zama a kujera, sai ta buga abu kaɗan ta miƙe, ta je bakin taga, ta zagaya falo, ta buɗe firji ta rufe ba ta ɗauki komai ba. Shayin da na haɗa mata da safe ina tarar da shi da rana ya yi sanyi, burodin ya bushe a faranti. Duk lokacin da na wuce ta bayanta, fuskar kwamfutar ja ce daga sama har ƙasa. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Na ce ni na haife ta, na san ba komai ɗinta na gaske da na ƙarya. Ta ce aiki ne kawai.

Ba daga bakinta na fara jin gaskiya ba. Ina guga a lungun falo da hantsi shugabar sashensu ta kira ta a bidiyo, ita kuma ta manta ba ta sa abin kunne ba. Matar ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ta ce lokacin gwaji ya zo ƙarshe, mako mai zuwa za a zauna a yanke shawarar wanda za a riƙe. Ta ce ta duba tarihin aikin, ta ga sunan Auta bai bayyana ba sai nan da can, ga shi kuma aikin tunatarwar da aka ba ta ya wuce ranar da aka sa bai shigo ba. Ta tambaye ta ko akwai abin da ya kamata ta sani. Ƙanwarka ta ce laifinta ne, ita ce ba ta da sauri. Ina tsaye da dutsen guga a hannu har na kusa ƙona rigar Babanku, domin na san muryar da take yi in tana rufa wa wani asiri. Da irinta take cewa ita ta fasa kofi tun kuna yara, alhali ƙwallonka ce ta shigo ta taga.

Da aka kashe kiran na zare wayar gugar, na jawo kujera na zauna kusa da ita, na ce yau sai ta fahimtar da ni, ko da za mu kwana biyu a kan teburin. Na ce na yi sakandare, ban kuma fita da kai fanko ba, ta yi mini bayani da Hausa. Ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta ɗauko takarda ta zana mini.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ka gyara mini, amma ban jin na yi. Akwai uwar aiki guda ɗaya a rumbun kamfani, wadda kowa ke dogara da ita. Wanda zai ƙara wani abu ba ya taɓa uwar kai tsaye, sai ya fitar da reshensa daga jikinta ya yi aikinsa a can, in ya gama a haɗa. Duk ɗan abin da mutum ya yi ya ajiye, ana rubuta shi da sunansa da ranar da ya yi, su jeru ɗaya bayan ɗaya, wannan ne tarihin da shugabar ke magana. Kai ka fitar da reshenka na aika saƙo. Da yake aikin Auta ba zai yiwu ba sai da naka, kai da bakinka ka ce mata ta fitar da nata reshen daga jikin naka. Ba nan ta tsaya ba. Duk lokacin da ta ci karo da wata ɓaraka a naka reshen, sai ta gyara maka a can da izininka, lambar wayar da ba ta shiga daidai, saƙon da ke tafiya sau biyu, irin waɗannan ƙananan abubuwan masu cin rai. Makonni tana yi.

Sannan aka sabunta uwar aikin. Kai kuma ka ga reshenka yana tsaye a kan tsohon tushe, sai ka cire shi ka dasa a kan sabon, abin da ta ce kuna ce wa ribes. Ta rantse mini wannan ba laifi ba ne, kowa na yi, dole ma a yi. Na yarda. Amma ba dasawa kaɗai ka yi ba. Ka dubi tarihin ka ga ya yi maka tarkace, gyara a kan gyara, sai ka dunƙule su duka suka zama 'yan ajiya kaɗan masu kyan gani, kowanne da sunanka a kai. Sannan ka tura shi rumbun da ƙarfi ya danne na da. Ka yi wannan duka ba ka ɗaga waya ba, ba ka rubuta mata ko kalma ɗaya ba. Ta wayi gari ta tarar reshen da ta ɗora nata a kai babu shi, an sa wani mai kama da shi a wurin, gyare-gyarenta na ciki, amma sunanta ya fita.

Da ta kai nan na ce ta dakata, na gane. Ka san shekarun da na yi a kan keken ɗinki. Wannan kamar in yanka jikin riga ne in ba yarinya ta yi mata hannu, ta auna kafaɗa, ta yanka, ta yi ado, tana cikin yi ni kuma in farke jikin in sake yanka shi a wani fasali ban ce mata komai ba, sannan mai riga ta zo ta tambaye ta me ya sa hannun bai shiga ba. Ta yi dariya, karo na farko a makon, ta ce kusan haka ne, sai dai nata hannun ana iya cire shi a sake ɗorawa. Na ce ni ma nawa ana iyawa, amma ɗinki ɗaya-ɗaya ake farkewa, kuma wanda ya jawo farkewar ba shi ke yi ba.

Na tambaye ta ko ta gaya maka. Ta nuna mini a wayarta. Ta rubuta maka dogon saƙo cikin ladabi, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifin. Kai kuma ka turo mata layi ɗaya na umarnin da za ta buga wa kwamfuta, ka biyo shi da babban yatsan nan naka. Ba sannu, ba yi haƙuri, ba na manta ban faɗa miki ba. Ta ce Yaya aiki ya yi masa yawa. Na ce aikin da bai hana ka zama ka share tarihi ya yi sumul ba, bai isa ya hana ka rubuta jimla ɗaya ba.

Na san wannan halin naka, ba yau na fara ganinsa ba. Tun kana firamare, in ka yi kuskure a shafi ba ka jan layi a kai, sai ka yage shafin ka sake kwafewa, littafi mai kauri ya koma siriri kafin ƙarshen zango. Malamai na yabon tsabtar rubutunka, ni ina kwasar yagaggun takardu a ƙarƙashin gado. A lokacin littafinka ne kai kaɗai, shi ya sa na bar ka. Yanzu shafin da ka yage da rubutun ƙanwarka a bayansa. Tsabta abu ce mai kyau, ni na koya maka ita, amma tsabtar da za ta share gumin wani ba tsabta ba ce, son kai ne da ya yi wanka. Ban ce ka yi da gangan don ka ci nata ba, da na zaci haka da ba takarda zan aiko ba. Ka yi ne don ba ka tuna da ita ba. Ka zauna ka auna wanne ya fi ciwo a wurin ƙanwar da ke ganin ba wanda ya kai yayanta.

Bari in gaya maka yadda ta fita, tunda ba ka tambaya ba. Da farko, kafin saƙonka ya zo, ta yi ƙoƙarin ɗora reshenta gaba ɗaya a kan sabon naka. Sai kwamfutar ta kwaso tsofaffin ajiyarka da ke manne a ƙasan nata, ta yi ta gwara su da sababbin, abu ɗaya sau biyu, kowanne na karo da ɗan'uwansa. Jan da nake gani ke nan. Daga baya ta gane sai ta nemo daidai wurin da nata aikin ya fara, ta yanke daga nan, ta ɗauki nata kaɗai ta dasa a kan sabon tushen, ta bar naka na da a baya. Layin da ka turo mata abin da yake nufi ke nan, amma bai gaya mata inda za ta yanke ba, ita ta bi tarihin ta nemo. Kafin ta taɓa komai ta ajiye kwafin tsohon reshen a gefe, ta ce ko da hannunta zai goce. Sannan ta fara ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowanne sai ya tsaya, domin ka sauya sunayen abubuwa da yawa a sabon naka, sai ta buɗe ta duba naka ta duba nata ta zaɓi abin da zai zauna. Ni kuma na kasa zaune na kasa tsaye. Na kawo mata ruwa, na dawo na ɗauke kofin, na sake kawowa, har ta ce Umma don Allah ki je ki yi wani abu. Na je na wanke labulayen da ba su yi datti ba. Jiya da la'asar ina shanya na ji tafi daga falo. Na saki abin da ke hannuna ya faɗi ƙasa na shigo, na tarar ya yi kore, ita kuma ta kifa kai a teburi tana kuka.

Don haka aikin ya shiga, ba kuma da taimakonka ba. Amma sunanta bai dawo ba, kuma abin da ta faɗa wa shugabarta yana nan yadda ta faɗa. Za a zauna mako mai zuwa da tarihin da ke cewa yarinyar nan ba ta yi komai ba sai abu ɗaya, shi ma a makare. Tsohon reshen da ta ajiye yana cikin kwamfutarta, da sunanta a kan kowane gyara da ranarsa. Na ce ta nuna wa matar. Ta ce in ta nuna za a san kai ka danne reshen da wani ke kai ba sanarwa, abin da aka hana a kamfanin, kuma kai babba ne a wurin, ba za ta zubar maka da mutunci ba. Har ta ce za ta goge shi don kada zuciyarta ta raya mata. Na ce in ta goge ba da yawuna ba, na sa ta yi mini alkawari.

To ka ji. Ita ta zaɓi ta rasa aikin da ta fi so a kan a ce yayanta ya yi kuskure. Saura kai. Ba ita za ta nuna ba, ba kuma ni zan nemo lambar matar ba, ko da yake ka san zan iya. Kai za ka rubuta wa shugabar sashen, kafin ranar zaman, ka ce kai ka sauya tushe ba ka sanar ba, kai ka dunƙule tarihin sunan ƙanwarka ya fita, jinkirin daga gare ka ne, kuma shaida na nan a wurinta. Ban ce ka roƙa mata aiki ba. In sun ga gaskiya suka ce ba ta kai ba, Allah ya ba ta wani. Amma ba za a auna 'yata da ma'aunin da ɗana ya lanƙwasa ba. In an yi maka faɗa, ka sha, ba za ta kashe ka ba. Bayan nan ka kira ta, da murya, ba da yatsa ba.

Babanku ya ce in sassauta, wai kuskuren aiki ne, yara za su shirya kansu. Yana faɗar haka ne a tsaye a kan tsanin da aka hana shi hawa, yana ƙoƙarin cire akwatin intanet daga bangon falo ya mayar ɗakinsa, don wai labarai na yanke masa, Auta kuma na tsakiyar tura aikinta. Na riƙe ƙafar tsanin na ce ya sauko. Na ce yanzu na ga inda ka gado. Ya sauko yana gunaguni, akwatin na nan inda yake.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce na gode da mayafin, kuma ta karanta wannan takarda in tana so, ba abin ɓoyewa a ciki. Ka shafa mini kan angona da takwarata da ƙaramin. Babanku na gaishe ku, haka Gwaggonku da Kawu na gareji da iyalinsa. Auta ba ta san na rubuta ba, da ta sani da ta ɓoye biron. Ka ba Dogo ruwa, ya gaji da tsayuwa.

Abu na ƙarshe. Daga jiya na kafa doka a gidan nan, ta hau kan kowa, na kusa da na nesa, babba da yaro. Duk abin da wani ya ɗora nasa a kai, ko reshe ne, ko akwatin intanet, ko tukunyar da ke kan wuta, ba mai gusar da shi sai ya faɗa wa mai abin da baki, ya kuma jira ya ji amsa. Dokar ta hau kaina ni ma, don haka ga sanarwata. Ina so in fitar da gadonka da littattafanka daga ɗakinka in mayar ɗakin baya, in sa wa Auta teburi a ciki, mu ma mu samu wurin cin abinci. Na riga na auna bangon, na yi magana da kafinta, hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma ɗakinka ne, ko tsohon takalminka ba zan taɓa ba sai na ji daga bakinka. Ka ga yadda ake yi. Ka fara da shugabar, sannan ƙanwarka, sannan ni. Ina jira, kuma ka san ban iya jira ba.

Wassalam,
Mahaifiyarka.